Ƙofa da Mabuɗi: Nazarin Jawabin Comey da Wasiƙar Tim Cook

Matani biyu ne suka shimfiɗa kalmomin da ake muhawara da su a kan kullen wayoyin salula. Na farko jawabin da James Comey, shugaban hukumar bincike ta FBI a lokacin, ya gabatar a cibiyar Brookings da ke Washinton ran 16 ga Oktoba 2014. Na biyu wasiƙar da Tim Cook ya rubuta wa masu sayen kayan Apple, a matsayinsa na shugaban kamfanin, ran 16 ga Fabrairu 2016. Sun cancanci a karanta su kamar yadda ake nazarin matani a aji, domin ƙarfinsu da rauninsu duka suna cikin kamancen da suka zaɓa.

Comey ya yi magana wata guda bayan fitowar tsarin iOS 8, wanda ke sarƙe bayanan waya da lambar sirrin mai ita, ta yadda kamfanin kansa ba ya iya buɗewa. Ya gina jawabinsa a kan duhu, yana kukan cewa mai bincike na riƙe da izinin alƙali amma ba ya ganin komi. Ya ce ƙofar gaba yake nema, ba ta baya ba. Kamancen yana da daɗin ji, don kowa ya san gida, ya san sallama. Sai dai ƙofar da aka huda a cikin lissafi ba ta da mai gadi, ba ta rarrabe alƙali da ɓarawo. Duhun ma an zuzuta shi. A 2018 hukumar ta amsa cewa wayoyi kusan 7,800 da ta ce sun gagare ta kuskuren ƙirga ne, adadin gaskiya bai kai haka ba ko kusa.

Wasiƙar Cook ta biyo bayan harin San Bernardino, a jihar Kaliforniya, inda aka kashe mutum 14 ran 2 ga Disamba 2015. Wata alƙaliya, bisa dogaro da dokar 1789, ta umarci Apple ya taimaka a buɗe iPhone 5C ta ɗaya daga cikin maharan, ta hanyar ƙera manhajar da za ta hana wayar share kanta in an kuskure lambar sau 10. Cook ya mai da martani da kamancen mabuɗi ɗaya mai buɗe miliyoyin kwaɗo. A nan ya fi Comey kusa da gaskiya, domin a cikin wannan watan mai gabatar da ƙara na Manhattan ya ce yana da wayoyi 175 da ke jiran buɗewa.

Amma wasiƙar ma tana da abin da ta rufe. Muryarta ta mai tsaron amana ce, alhali mai maganar ɗan kasuwa ne, kuma tsaron da yake alkawari yana cikin hajarsa. A 2018 Apple ya mayar da bayanan iCloud na mutanen Sin hannun wani kamfani mai alaƙa da gwamnatin lardin Guizhou. A Fabrairun 2025 ya janye kullensa mafi ƙarfi na iCloud daga Birtaniya bayan gwamnati ta nemi hanyar shiga. Tsayuwar kamfani gwargwadon kotun da yake iya kai kukansa gabanta ce, da kasuwar da yake gudun rasawa.

Abin lura shi ne babu ɗayan matanin da ya hango ƙarshen rigimar. Ran 28 ga Maris 2016 gwamnati ta janye ƙarar, saboda wasu ƙwararru sun buɗe wayar don kuɗi. Sai a 2021 jaridar Washington Post ta bayyana cewa kamfanin Azimuth Security na Ostareliya ne. Ba a yanke hukunci ba, majalisar Amurka ba ta yi dokar da Comey ya nema ba. Comey ya nemi a ba alƙali mabuɗi, Cook ya nemi kada a ƙera shi, sai ga shi yana sayuwa a hannun dillalan da ba sa rubuta jawabi ko wasiƙa. Mai karatun da ya tsaya a kan ƙofa da mabuɗi zai manta da tambayar da ta fi nauyi: wa ke sa ido a kan masu sayarwa, da kuma gwamnatocin da ke saye?