SHARHIN FIM: 'Gladiator' da mafarkin sojan da zai ceci talaka

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka kalli 'Gladiator', na san ba ka manta yadda ya ƙare ba. Jarumi Maximus ya soke azzalumin sarki Commodus a tsakiyar filin daga na birnin Rum, kafin ransa ya fita kuma ya ba da umarni a saki mutanensa, a mayar da mulki hannun majalisar dattawa. Nan ne idon ɗan kallo ke cikowa da ƙwalla. To amma fa, nan ne kuma nake da ja da darakta Ridley Scott.

Bari in fara da yabo, don a gaskiya fim ɗin ya ci sunansa. Ya fito a shekarar 2000, ya lashe kambin Oscar biyar, ciki har da na gwarzon fim da na gwarzon jarumi, wanda Russell Crowe ya ɗauka. Joaquin Phoenix kuwa ya fito a bos ɗin da za ka tsana, ka kuma ji tausayinsa. Ga filin Colosseum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, mai cin mutum wajen dubu 50, an sake gina shi da kwamfuta kamar ka sa hannu ka taɓa.

Matsalar tana cikin labarin. Shi Maximus ƙirƙirarsa aka yi, wannan kuwa ba laifi ba ne, aikin marubuci ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne cewa wai tsohon sarki Marcus Aurelius ya yi niyyar hana ɗansa sarauta don ya mayar wa jama'a mulkinsu, shi ya sa ɗan ya kashe shi. Tarihi bai ce haka ba. Tun a shekara ta 177 tsohon da kansa ya naɗa Commodus abokin mulkinsa, sannan ciwo ne ya yi ajalinsa a shekara ta 180. Gaskiya ne Commodus ya riƙa shiga fili yana faɗa don burge jama'a, amma ya yi shekara 12 yana mulki bayan mahaifinsa, kuma ba a fili ya mutu ba. A ranar ƙarshe ta shekara ta 192 wani ɗan kokawa mai suna Narcissus ya shaƙe shi a wurin wanka, bisa makircin fadawansa.

Shin mulki ya koma hannun jama'a? Ina! An gudu ne ba a tsira ba. Magajinsa Pertinax bai cika wata uku ba dogaran fada suka kashe shi, suka sa kujerar sarauta a gwanjo, wani attajiri Didius Julianus ya saya. Shi ma wata biyu da 'yan kwanaki ya yi aka gama da shi. Wanda ya yi nasara a shekara ta 193 janar ne, Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna da ke Libiya ta yau, shi kuwa da ƙarfin soja ya riƙe ƙasar har mutuwarsa a 211. Ka ga ke nan ɗan Afirka ya mulki Rum, amma ɗan Afirkan da fim ɗin ya nuna mana shi ne Juba, bawan da Djimon Hounsou ya fito a matsayinsa.

Wani zai ce, ai fim ne, nishaɗi ne, mene ne na ɗaga jijiyar wuya? Dalilina shi ne Rum ba ta mutu ba. Ɓangarenta na yamma ya faɗi a 476, na gabas ya kai har 1453, amma baƙaƙen bokon da kake karanta wannan shafi da su nata ne. Watan Yuli sunan Julius Caesar ne, Agusta kuma na Augustus, hatta kalmar sanata daga majalisarta aka samo. Daular da ta bar irin wannan gado, duk abin da aka faɗa a kanta darasi ne na mulki, ko an so ko ba a so ba. Darasin da 'Gladiator' ke koyarwa kuwa shi ne: ku jira wani soja mai kyakkyawar zuciya, zai kawar da azzalumi ya miƙa muku mulki a faranti. Mu da muka sha jin jawabin juyin mulki a rediyo da asuba, mun san inda wannan alƙawari ke ƙarewa. Rumawa ma sun sani, tarihinsu ne shaida.

Don haka kirana ga marubutanmu da furodusoshi masu sha'awar labaran sarauta: ku ɗauki ƙwarewar wannan fim wajen gina jarumi da abokin gabarsa, amma kada ku ɗauki ɗabi'arsa ta yi wa tarihi kwaskwarima don ɗan kallo ya tafi gida da sanyin zuciya. Gwanjon kujerar sarauta kaɗai ya isa fim guda, kuma da ya fi tayar da tsikar jiki.

Kai kuma mai karatu, ka sake kallon 'Gladiator', ya cancanta. Amma in an zo wurin mutuwar Maximus, ka share hawayenka ka tuna cewa a Rum ta gaskiya, bayan wata uku sojoji ne suka buɗe kasuwa.