Kwamfutar Alli: Sharhi a kan Wani Kundin Darasi

Kwanakin baya wata 'yar ƙanena, wadda iyayenta ke zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Kusada, ta biyo ta wurina a Kankiya. Tana shekara ta biyu a wata kwaleji. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Baba, ka taimake ni da kuɗi in kai shagon kwamfuta, a cika mini takardar neman tallafin karatu."

Na ce, "Ke da aka ce kin ci darasin kwamfuta bara da babban sakamako?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, ai a allo muka yi shi. Sau biyu aka kai mu ɗakin na'urorin. Ran farko babu wuta, ran na biyu kuwa mu takwas muka taru a kan guda."

Na ba ta kuɗin, amma na ce ta bar mini kundin da suka karanta, watau irin takardun nan da malami ya kan tsara a buga, ɗalibai su saya, waɗanda su ke kira handawut. Na karanta shi tun daga bango har bango. Shi ne na ke so mu duba tare, ku 'yan'uwa da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, gama 'ya'yanku da jikokinku ne a ke koya wa shi, kuma daga aljihunku kuɗinsa ke fita. Ba zan ambaci sunan kwalejin ko na malamin ba, don kundin ba shi kaɗai ba ne. Irinsa suna da yawa, kamar an zuba su daga ƙwarya ɗaya.

Da fari sai mu san dalilin da ya sa a ke wannan darasi. A shekarar 1988 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar koyar da ilmin kwamfuta a makarantun Nijeriya. Yau ɗalibin kwalejin horon malamai, ko wane fanni ya ke karantawa, sai ya ratsa ta darasin share fage na kwamfuta. A nan Jihar Katsina muna da manyan makarantu da dama: akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a birnin Katsina, akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga kuma Makarantar Koyon Aikin Lafiya a nan Kankiya. Duk wanda ya fito daga ɗayansu, malami ne ko akawu ko ma'aikacin asibiti, zai tarad da na'urar nan tana jiransa a wurin aiki. Tun ma kafin ya shiga ta tare shi a ƙofa, domin daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta ɗungum. Saboda haka manufar darasin mai kyau ce, ba mai musun wannan. Maganarmu a kan hanyar ce.

Kundin yana da babi huɗu. Babi na fari ma'anar kwamfuta ce, jimla guda doguwa cikin Turanci, wadda ɗalibi zai haddace ya mayar ran jarrabawa ba tare da ya sauya ko wasali ba. Na tambayi yarinyar ta faɗa mini ita, ta kawo ta tsaf. Na ce to, ta gaya mini da Hausa. Sai ta yi shiru. Alhali kuwa abin ba wuya gare shi ba. Kwamfuta na'ura ce da a ke ba ta bayani, ta sarrafa shi bisa umurnin da aka tsara mata, ta ajiye, sa'an nan ta fitar da shi sa'ad da a ke bukata. Kamar injin niƙa ne: ka zuba hatsi, ya ba ka gari. In ka zuba tsakuwa, kada ka zargi inji. Wanda bai iya faɗin abu da harshen da ya sha a nono ba, to, bai riƙe shi ba tukuna, ɗauko shi kawai ya yi kamar ɗan dako.

Babi na biyu, wanda ya fi kowanne tsawo, tarihi ne. An kawo labarin Charles Babbage, Baturen Ingila wanda ya rasu a 1871, shi da ya tsara injin lissafi amma bai ga kammaluwarsa ba. An kawo labarin ENIAC, wata ƙatuwar na'ura da aka nuna wa duniya a Amurka a 1946, wadda ta cika ɗaki guda, tana da kwalaben lantarki masu kama da ƙwan fitila kusan 18,000. Sa'an nan aka jera zamunan kwamfuta guda biyar, kowane da shekarunsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana da daɗin ji. Amma fa ku tuna da ranar da kuka fara shiga aji. Shin malaminku ya fara muku da tarihin wanda ya ƙago fensir ne? A'a. Fensirin ya danƙa muku, ya kama hannunku, kuka ja baƙi na fari a karkace, gobe ya miƙe. Tun sa'ad da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa cikin shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa, ba a auna nasarar ɗalibi da yawan abin da ya haddace. Abin da a ke dubawa shi ne, ya iya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa, ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansa, ya duba rasit kada a cuce shi. Tarihi a ƙarshe ya kamata ya zo, bayan hannu ya saba, kamar fura bayan tuwo.

Babi na uku sassan kwamfuta ne, an zana su da hannu: ga fuska, ga madannai, ga linzami. A cikin abubuwan ajiya har an sa wani ɗan faifai mai kusurwa huɗu wanda aka bar aiki da shi tun da daɗewa, wanda hoto guda na wayar zamani ma ya kan fi ƙarfin cikinsa. Wannan ya nuna kundin kwafe shi aka yi daga wani kundi, shi ma daga wani, ba wanda ya tsaya ya tankaɗe. Abin mamaki kuwa, ba a ambaci wayar hannu ba ko sau ɗaya. Tun 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, yau kuwa irin wadda a ke shafawa kwamfuta ce sosai, ta fi ENIAC ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗalibi yana zaune yana zana kwamfuta a takarda, ga ta gaske cikin aljihunsa, an ce ya kashe ta. Wannan shi ne a bar jaki a bugi taiki.

Sai babi na huɗu, shafi biyu tak, can ƙarshe inda zango ya kan ƙare ba a kai ba. Sunansa tsarin sarrafa bayanai. A ganina nan ne zuciyar darasin ta ke, nan ne kuma kundin ya fi gazawa. Bari in bayyana abin da a ke nufi, gama ba baƙon abu ba ne gare mu.

Dattawa sun tuna zamanin haraji da jangali, kafin a soke su a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta. Mai unguwa ya ƙidaya magidanta, ya kai wa dagaci. Dagaci ya kai wa hakimi. Malamin hakimi ya shigar cikin littafi, a tara jimla, a aika Baitulmali a Katsina. To, wannan shi ne tsarin bayanai, ko da ya ke babu na'ura a ciki. Akwai mutanen da ke aikin, akwai ƙa'idar da su ke bi, akwai bayanin da a ke tarawa, akwai kayan aiki, watau littafi da alƙalami. Abin da zamani ya yi shi ne ya ɗauke littafi ya aje na'ura, ya ƙara manhaja, watau umurnin da na'urar ke bi. Sauran ukun suna nan yadda su ke. In mai unguwa ya yi ƙarya ko malami ya yi kuskure, jimlar da ta isa Katsina ɓatacciya ce, jiya da yau duk ɗaya.

Ga misali na yau. Ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti cikin ƙasar Kusada tana rubuta yaran da aka yi wa rigakafi cikin rajista. Ƙarshen wata a tara jimla a kai ƙaramar hukuma, a shigar cikin wata manhaja mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da gininta, Nijeriya kuwa da ƙasashe da yawa suna tara lissafin asibitocinsu da ita. Daga nan masu tsara aiki a Katsina da Abuja su ke duba abin da ke faruwa. To, a ce yara 150 aka yi wa, mai shigarwa ya tsallake sifiri ya buga 15. Na'ura ba za ta yi gardama da shi kullum ba. Wanda ke nesa zai yanke shawara bisa ƙarya, ɗan wani ne kuwa zai ɗanɗana. Wannan shi ya kamata ɗalibi ya sani tun makon fari: amanar bayani tana wuyan mai shigar da shi. Amma kundin ya jera sassan tsarin guda biyar cikin Turanci, bai kawo misali ko ɗaya daga asibiti ko makaranta ko kasuwar ƙasar nan ba.

Akwai kuma abu biyu da ya tsallake gaba ɗaya. Na ɗaya, tsaron kai. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutanen ƙauye da yawa suka shiga hulɗa da banki ta waya, macuta kuwa suka biyo su. Ɗalibin da ya yi darasin kwamfuta shi ya kamata ya zama mai gaya wa mutanen gidansu kada su ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga banki ya ke. Na biyu, harshenmu. Madannan da a ke kawowa daga waje ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Alhali akwai hanyar sa su a kwamfuta da waya, ba ta kuwa ɗaukar lokaci. Malamin da zai koyar da Hausa gobe, in bai san wannan ba, zai rubuta kafa inda ya ke nufin ƙafa, ya rubuta bata inda ya ke nufin ɓata.

Yanzu kuma adalci ya sa mu ji ta bakin malamai. Za su ce ɗalibai ɗaruruwa ne, na'urori kaɗan, wuta ba ta zama, man janareto ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Za su ce jarrabawa a takarda a ke yinta, dole su koyar da abin da za a iya rubutawa. Wannan duk gaskiya ne, kuma wanda ya tsaya gaban aji mai cunkoso da alli kaɗai a hannu ya cancanci a tausaya masa. Laifin na'urori da wuta yana wuyan hukuma. Amma tsarin babi-babi, da zaɓen misali, da harshen bayani, waɗannan ba su bukatar wuta. Suna hannun malami.

Ga shawarata, in za a karɓa. A juya kundin, ƙarshensa ya koma farko. A fara da rajistar da ɗalibi ya sani, ta aji ko ta asibiti ko littafin bashin mai kanti, a bi ta daga hannun mai rubutawa har inda ta ke ƙarewa. Sa'an nan a raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowace da waya guda ko kwamfuta guda, su shigar da wannan rajista cikin jadawali, su tara jimla, su nemo kuskuren juna. A yi bayani da Hausa, a ba da sunan abu da Turanci, don ɗalibi ya gane shi in ya gan shi a fuskar na'ura. Hukuma kuma ta sa wa ɗakin na'urori wutar hasken rana, gama rana ba ta yi mana rowa ba a ƙasar Katsina. Daga ƙarshe, rabin makin jarrabawa ya zama na aikin hannu: ɗalibi ya zauna gaban malami ya buga wasiƙa, ya ajiye ta, ya nemo ta, ya aika. Muddin jarrabawa ba ta sauya ba, koyarwa ba za ta sauya ba, domin ɗalibi inda maki ya ke nan ya ke kallo.

Ku kuma iyaye kuna da naku aikin. In yaro ya dawo hutu ya ce ya ci kwamfuta, kada ku tsaya ga takardar sakamako. Ku miƙa masa waya ku ce ya rubuta muku saƙo da Hausa mai ƙugiya, ko ya tsara muku lissafin buhunan da kuka noma bana da abin da kuka kashe. Sai an gwada a kan san na ƙwarai. In ya kasa, ku tambayi makaranta cikin ladabi, a taron iyaye ko ta hannun wakilanku, sau nawa yaranmu su ke taɓa na'ura a zango?

Ita kuwa 'yar ƙanen nawa, da ta dawo karɓar kundinta, na zaunar da ita gaban wata tsohuwar kwamfuta ta maƙwabcina. Yini na fari yatsa ɗaya ta ke bugawa da shi, tana neman baƙaƙe kamar mai tsintar gero cikin rairayi. Kafin mako ya zagayo ta buga wa mahaifinta lissafin gonarsa. Ashe ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, dama ce ba a ba ta ba. Irinta nawa ne tsakanin Kankiya da Kusada?

Allah ya ba malamanmu haƙuri da basira, ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu, ya sa ilmin 'ya'yanmu ya zama mai amfani. Amin.