Baƙi a Birnin Berlin: Sharhi a Kan Littafin Jenny Erpenbeck

Littafin da muka ɗora bisa faifan nazari a wannan fitowa shi ne Gehen, ging, gegangen, na marubuciyar Jamus Jenny Erpenbeck, wanda ya fito a 2015, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 2017. Tushensa abu ne da ya faru. Daga 2012 zuwa 2014 'yan gudun hijira sun kafa tantuna a dandalin Oranienplatz na Berlin, da yawansu 'yan Afirka ne da yaƙin Libiya na 2011 ya koro ta Italiya.

Tauraron labarin, Richard, tsohon farfesa ne da ya yi ritaya. Bayan an tashi baƙin daga dandalin an sauke wasu a wani gidan tsofaffi kusa da unguwarsu, sai ya shiga ziyartarsu da littafin rubutu a hannu.

Inda marubuciyar ta yi rawar gani shi ne wajen nuna yadda doka ke cinye lokacin mutum. Dokar Dublin ta ce ƙasar da baƙo ya fara takawa ita ke da alhakinsa, saboda haka Berlin tana ba su makwanci da darasin Jamusanci, amma ta hana su aiki. Wanda ya san zango ya san cewa ta sana'a baƙo ke zama ɗan gari, mai masauki kuwa shi ke tsaya masa. A nan ƙarti majiya ƙarfi suna kwance da rana tsaka, makwabta ba su san sunayensu ba.

Sai dai muna da ƙorafi. Richard ya raɗa wa yaro Ba'abzine daga Nijar suna Apollo, ya kira Awad ɗan Gana Tristan, don ya iya tuna su. Marubuciyar tana sane da wannan rauni nasa, mun yarda, amma ita ma ta bar ragamar labarin a hannunsa. Ta idonsa kaɗai muke ganinsu.

Warwarar jigon ma ba ta gamsar da mu ba. Da hukuma ta juya musu baya, Richard da abokansa ne suka buɗe ɗakunansu, ya kuma saya wa iyalin Karon gona a Gana. Alheri ne, ba musu. To, sauran da ba su yi dacen farfesa ba fa? Shafukan da aka ba su ba su taka kara sun karya ba.