Karen farauta a hannun gwani

In kaka ta wuce, an kwashe shinkafa daga fadamun Kwargaba, sai hankalin mafarauta ya koma daji. Wanda ya ga ayarinsu da asuba, gora a kafaɗa, karnuka suna gaba, zai ɗauka gudun karnukan baiwa ce kawai. Alhali wahalar shekara biyu ce ta mai kare.

Tun kwikwiyo bai buɗe ido ba, wato kafin ya cika mako biyu, gwani yake lura da wanda ke ture 'yan'uwansa wajen shan nono. Ba ya raba shi da uwa sai ya kusa wata biyu. In ya haura wata shida sai a haɗa shi da tsohon kare, ya koyi bin sawun zomo da tonon ramin gafiya. Doguwar kora kuwa ba a yarda ba tukuna: ƙashinsa bai yi ƙwari ba, kuma kwikwiyon da burgu ya yage wa hanci da wuri da wuya ya sake sa kai a rami. Ganiyarsa tana tsakanin shekara biyu da shida. Daga nan sai ya koma malamin ƙanana, kuma ni a wurina tsohon karen nan ya fi saurayi daraja.

Namiji yana da ƙirji da ƙarfin kamu, karya kuma ana yaba mata naci da jin kira. Sai dai cikinta kwana 63 ne, ga shayarwa a baya, don haka mai lissafi ya fi son haihuwar ta faɗo da damina, lokacin da kowa yake gona. Ranar da take neman barbara a gida ake barinta, in ba haka ba mazan faɗa za su yi ta yi, zomo ya wuce abinsa.

Jin kiran nan har fiƙihu ya shiga cikinsa. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo in an ambaci sunan Allah, kuma horarre shi ne wanda in an tura ya tafi, in an tsawata ya tsaya.

Sai ciyarwa. Kanzo da dusa suna cika ciki, amma tsoka sai da tsala da kayan cikin abin da aka kamo. Da yamma ake ƙosar da shi, da safen fita kuwa ruwa da ɗan abin taɓawa, don cikakken ciki ba ya kora. A ƙasar Wurno da Goronyo, inda albasa da tafarnuwa suke ko'ina, akwai ƙarin hattara: dukansu suna lalata jinin kare, shi ya sa mai lura ba ya juye masa ragowar miyar gida.