Tagullar Falo: Aikin Wa Muke Saye?

'Yan shekarun nan an shiga yayin ajiye mutum-mutumin tagulla a falo da ofis a nan Jalingo: mahayin doki, mai busa ƙaho, mace da tulu a ka. Tambayi mai sayarwa inda aka yi, amsar ɗaya ce: "Ai aikin Mumuye ne, Alhaji, tun na kakanni." A nan gizo ke saƙar.

Mumuyen Zing da Yorro sun yi suna a duniya, amma da sassaƙar itace. Mutum-mutuminsu dogo ne siriri, hannuwa sun zagayo jiki kamar baka, kai da tukku. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin yaƙin basasa, aka yi ta kwashe su ta Kamaru zuwa Turai. A 2011 gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles a Amurka ya baje kolin fasahar kwarin Binuwai, na Mumuye na sahun gaba. Kyan wannan siffa a bakin gizago yake, kowane sara ana ganin sawunsa. Da an kwaikwaye ta da tagulla sai kaifin ya mutu, abin ya koma sumul kamar guntun sabulu.

Masu zubin tagulla na gaske a yankinmu su ne Vere, mazauna duwatsun kudu da Yola, waɗanda muke jiha ɗaya da su, Gongola, kafin 1991. Sai Tibi a kudancinmu. Vere sun shahara da ƙararrawa, kuben wuƙa, mundaye da kayan bikin aure. Yawancin masu dokin nan kuwa salon Fumban ne ta ƙasar Bamun a Kamaru, inda aka daɗe ana zubi domin baƙi 'yan yawon buɗe ido.

Yadda ake aikin shi ne ma'aunin. Maƙeri zai gina siffar da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya kwarara narkakkiyar tagulla a gurbin. Sai an fasa yumɓun ake fito da kayan, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak. To in ka ga goma a jere, fuska ɗaya, hanci ɗaya, ka san daga uwa ɗaya aka kwafo su. Duba linzamin dokin da kitson macen. A aikin ƙwarai za ka ga zaren kaki da aka murza da yatsa, sili-sili. A na gaggawa duk ya cakuɗe, ga ramuka an cike da dalma. Baƙi-baƙin nan da ake ce maka tsufa ne, sau da yawa hayaƙi ne da man takalmi.

Laifin ba na Fumban ba ne, cikin masu dokinsu akwai na gani a yaba. Laifin na ƙaryar suna ne, kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, dillancin kayan nan daga nan har Abijan yawanci a hannun 'yan uwanmu Hausawa yake. Duk sanda aka laƙaba wa kayan wani sunan Mumuye, an cuci mutum uku: mai saye, maƙerin da aka ɓoye sunansa, da maƙwabtanmu da aka yi kasuwa da sunansu ba su ci ko sisi ba.

Da yawanmu ba ma ajiye siffar mai rai a gida saboda addini. Wannan bai hana mu tagulla ba. Ƙararrawar Vere ko tiren Bida mai zanen ganye sun fi rabin mahayan nan kyau.

Mai niyyar saye ya tambayi garin da aka zuba, ya juya kayan ya duba gindinsa, ya biya kuɗin aiki. Araha dai ba ta ado.