Matar da ta san wa zai biya kuɗin ido

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, masu katin inshora ba su da yawa. Ma'aikacin gwamnati yana da takardar da baitulmali ke ɗauke masa kaso mai tsoka na kuɗin asibiti, wasu ma'aikatan kamfanoni da ƙungiyoyi su ma suna da tasu. Manomin gero da iyalinsa kuwa, abin da ke kare su ƙa'idoji ne a warwatse: wannan kyauta, wancan rabin kuɗi, wani kuma sai an sayar da akuya. Shi ya sa nake ganin girman matan nan 'yan sa-kai da ake kira rele, masu kai da komo tsakanin gari da likita. Gwanar cikinsu ta haddace ƙa'idojin nan tsaf, tana kallon ido ta san ƙofar da za a nufa.

Tambayarta ta farko ita ce shekaru. Tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin ganin likita da magani a asibitocin gwamnati. In aka kawo mata yaro idonsa ya yi ja yana kwantsa, sai ta ce, "Ɗauko karnensa, mu tafi yau." Ta san karnen, wato katin asibitin yaron, shi ne shaidar shekarunsa. Ta san kuma wani lokaci maganin yakan yanke, a rubuto takarda a ce a je farmasi, don haka takan ce wa uwar ta ƙulle 'yan canji a bakin zane.

Inda gwanintarta ta fi burge ni shi ne wajen amodari. Za ka ga tsohuwa rataye da matsefata a wuya, tana tsige gashin idon da ya juya ciki yana kartar ƙwayar. Shekara da shekaru tana haƙuri saboda ta ɗauka aikin kuɗi ne mai yawa. Rele za ta zauna gabanta, ta ɗaga fatar idon a hasken rana ta duba, ta ce, "Inna, wannan ba a biyan ko dala." Gaskiya ta faɗa. Shirin kula da lafiyar ido na ƙasa, tare da Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller, ya daɗe yana yin wannan tiyatar kyauta a jihar Maraɗi, a kuma raba maganin Zithromax wanda kamfanin Pfizer ke bayarwa. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, mutum ya kwana gidansa. Sai dai ko an yi shelar zuwan ayarin masu aikin, tsohuwar da tsoro ya cika ba za ta fito ba sai wadda ta yarda da ita ta kama hannunta.

Yanar ido lissafinta daban. Ko a jira zuwan masu aikin kyauta, ko a ɗauki takardar turawa daga likitar gari zuwa asibitin gunduma, daga nan Maraɗi, inda asibitin ido na Makka yake. Ragin rabin kuɗi da gwamnati ta sa a asibitocinta daga Satumban 2024 ya sauƙaƙa, amma bai shafi masu zaman kansu ba, kuma rele tana faɗin wannan tun kafin a hau mota. Tana haɗawa da kuɗin motar mutum biyu, domin wanda ba ya gani ba ya tafiya shi kaɗai, da abinci da wurin kwana. Wanda ba shi da ko sisi, ta raka shi ofishin magajin gari neman takardar shaidar rashin hali.

Hawan jinin ido ne ya fi nauyi, don maganin ɗigawa ne na har abada, kuma daga aljihu yake fita. A nan ba ta yi wa kowa daɗin baki. Takan sa a kira 'ya'yan da ke ci-rani a waya, a faɗa musu farashin kwalba ɗaya, a yanka wa kowane watan da zai aiko.