Dokar Yamai da Zauren Mai Gari

Duk wanda ya tashi a karkarar Hawandawaki ya san allunan ƙarfen nan da ake kafawa a bakin hanya: hoton yarinya rataye da jakar lakwal, rubutun Faransanci a ƙasa, tambarin ƙungiyoyi a jere. Na girma ina wuce irinsu, haka ma yarinyar da muke zama benci guda da ita a ajin CM2 a ƙauyenmu. Ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Da muka ci jarrabawa ni na wuce kolej, ita kuwa aka ɗaura mata aure kafin kaka. Bayan shekara biyu ta dawo gidansu ido a kumbure, hannu a ɗaure. Manya suka zauna a zaure, aka yi wa mijin faɗa, aka aika mata cewa ta yi haƙuri, aka maida ta ɗakinta. Tana cikin gida aka gama maganar, ba wanda ya tambaye ta ko kalma guda.

Ƴan'uwa ɗalibai, ba zan ce hukuma ba ta yi komai a kan cin zarafin mata da ƴan mata ba. An yi dokoki, an kashe kuɗi. Abin da nake suka shi ne an gina yawancin tsarin a inda yarinyar ƙauye ba ta iya kaiwa, aka bar wurin da ake yanke mata hukunci na gaske, wato zaure, ba a taɓa shi ba.

Mu fara da doka. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa abin ya kusa kashi 90. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa ta sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji. Amma wa ya taɓa ganin auren ƙauye da aka ɗaura da ita? Aure, saki da riƙon ɗiya, da al'ada ake shari'arsu, kuma doka da kanta ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa. Ke nan kafin magana ta isa gaban alƙali a Tasawa, ta riga ta ƙare a zaure.

Duk ƙoƙarin da aka yi na gyara wannan daga sama ya cije. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci, amma ta keɓe sassan da suka shafi aure da iyali. A 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo. A 2011 aka jingine daftarin dokar iyali bayan ƙungiyoyin addini sun tashi tsaye. Wasunmu na cewa laifin malamai ne kawai. Ni ban yarda ba. An rubuta daftarin da Faransanci, an tattauna shi a ɗakunan taro na Yamai. Masu adawa kuwa da Hausa da Zabarmanci suka yi magana, a masallaci da rediyo. Wa kake jin jama'a za su bi? Alhali a cikin fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa, matar da mijinta ke cutar da ita tana da ikon kai ƙara, alƙali kuma na iya raba auren saboda cutar. Wannan hujja tana nan cikin zaurukan karatunmu. Masu tsara manufa ba su ɗauke ta ba, mu ma ba mu cika jin ta a wa'azi ba. Kowane ɓangare na da nasa alhakin.

Sai dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a Disamba 2017 don kare yarinya mai karatu. Abu ne mai kyau, domin ta ba wadda aka aurar ko ta yi ciki damar ci gaba da lakwal, maimakon korar da ake yi a da. Amma ku duba sunanta da kyau: yarinya mai karatu. Wadda ba a taɓa sa ta ba fa? Mai tallar fura ran kasuwa? Wadda aka cire daga CM2 kamar abokiyar bencina? Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne dokar ba ta gani. Kuma ba ta ɗaga shekarun aure ba.

A ganina tunanin da ya fi kusa da gaskiyar ƙauye shi ne gidajen kwanan ƴan mata da aka fara a Kelle cikin jihar Damagaram a 2021. Uban da ya hana ɗiyarsa zuwa kolej ba kullum ne maƙiyin boko ba. Sau da yawa tsoro yake: kolej na nesa, yarinya za ta zauna gidan mai masauki, ta zama ƴar aiki, ba mai sa mata ido. Tsoronsa gaskiya ne, allon bakin hanya kuma ba ya amsa shi. Gidan kwana yana amsawa, in akwai abinci da mai kula ta amana.

Ayyukan ƙungiyoyi ma sun taɓuka. Makarantun mazan aure da aka fara a Damagaram sun gane cewa da miji ake magana in ana son mace ta je likita. Shirin Illimin ya tara ƴan mata yana koya musu karatu da sanin jikinsu. Shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya ya shigo jihohi huɗu daga 2019, har da Maraɗi. Matsalar ita ce awon da ake yi. Rahoto kan ƙirga mutum nawa aka wayar wa kai, taro nawa aka yi, riga nawa aka raba. A ƙirga mana mace nawa ta kai ƙara aka bi mata haƙƙinta har ƙarshe. In wa'adin kuɗi ya cika, mota ta koma Yamai, allo ya yi tsatsa, zaure na nan yadda yake.

Ku tuna Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a kan jika 240 ta zama wahaya. Tun 2003 doka ta sa bauta cikin manyan laifuka, amma dokar ba ta je ta fiddo ta ba. Sai da ƙungiyar Timidria ta riƙe hannunta daga wannan kotu zuwa waccan, har kotun CEDEAO ta yanke a Oktoba 2008 cewa ƙasa ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Doka ba ta da ƙafa, sai an samu mai raka ta. Yanzu da Nijar ta fita daga CEDEAO, kotunan gida ne madogararmu, don haka gyaransu ya ƙara zama dole.

Me nake so a yi? Na ɗaya, a raba abin da ake sasantawa da abin da ba a sasantawa. Rikicin cefane na zaure ne. Fyaɗe da dukan da ya kai ga rauni na jandarma da alƙali ne, kada a ce a bar kaza cikin gashinta. Na biyu, kada a yi sulhu sai mai ƙara na zaune, tare da dattijuwar da ta zaɓa da kanta, a kuma rubuta abin da aka yanke, don in mijin ya sake a san karo na nawa ne. Na uku, takardar likita da kuɗin mota zuwa Tasawa su hau kan hukuma, domin matar da ta fito da zanen jikinta kaɗai ba ta da ko dala. Na huɗu, a fassara dokokin nan da Hausa, boko da ajami, a karanta su a rediyon karkara tare da malamai.

Na ƙarshen nan ba sai mun jira kowa ba. Mu ne muka iya Faransanci, mu ne kuma ake kira mu karanta wasiƙa in mun je hutu. Kowa ya nemi dokar 2017 ya karanta wa babansa da limamin unguwarsu. In ƙanwarka ko ɗiyar maƙwabta ta dawo gida da rauni, kar ka tsaya bakin ƙofa kana kallo, ka nemi izinin manya cikin ladabi a kira ta a ji ta bakinta. Ranar da aka yi zaman abokiyar bencina ina wajen, kuma ban ce uffan ba.